Labulen Ɗaki na Tara

Baƙin sabuwar shekara sun watse,
masu taro sun naɗe takardunsu sun bi jirgi,
otel ɗin bakin Isa ya yi tsit
kamar gidan biki bayan an mayar da tabarmin aro.
Sumana mai gadi ya aiko yaro:
"Gaya wa Malam Illa kuɗin ɗaki ya faɗo rabi.
In bai zo yanzu ba, sai yaushe?"

Shekara ashirin da biyu ina shiga ta ƙofar baya,
igiyar awo a wuya, alli a aljihu.
Ni na ɗinka labulensu, ni na ɗinka rigunan matashi,
amma bayana bai san laushin katifarsu ba.
Yau ta ƙofar gaba muka shiga,
ni da Cima da jaka ɗaya,
ta ɗauro zanen da take ajiya don ranar suna.

Ba kowa.
Kujeru sun hau kan tebura, ƙafa sama.
Tafkin wanka shuɗi, ganyen mangwaro uku ke iyo ciki,
ƙadangare ya gaje gadon shan rana,
yana gyaɗa mana kai kamar shi ya biya.

Sanyi daga ruwa yake tasowa,
ya fara da idon sawu, ya nemi gwiwa.
Muka ja kujera biyu har bakin gaɓa,
bargo ɗaya, kafaɗa biyu.
Kogi ya cika ya batse, alhali rabonmu da hadari wata huɗu.
Sumana ya ce ruwan duwatsun Gine ne,
tun damina ya kamo hanya, sai yanzu ya iso Yamai.
Cima ta ce, "Ashe ba mu kaɗai muka makara ba."

Jirgin kabewa ya wuce, ya nutse har leɓe,
mai tuƙi ya rufe kunnuwa da rawani,
ya ɗaga sanda: "Fofo!"
Can tsakiya wani abu ya yi tsaki ya koma ƙasa.
Na ce dorina, ta ce kututture,
muka bar shi a haka, gardamar ba ta da riba.

Da almuru jemagu suka keta sama,
fitilun gada suka kama ɗaya bayan ɗaya har Harobanda.
Kuku ya kawo giwan ruwa gasasshe,
cokula uku-uku, ban san na farawa ba.
Cima ta kwance bakin zane ta fiddo yajinta.
Kuku ya duba hagu, ya duba dama,
ya ja kujera, ya miƙo hannu.

A ɗaki na tara ta tsaya jikin taga,
tana bin ƙasan labule da yatsa
kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
"Nan ka karkace," in ji ta.
Na sani.
Daren da naƙudar Lawali ta kama ta ne,
ƙafata kan keke, kunnena a ɗakinta.
Manya nawa suka kwana bayan wannan ɗinki
ba wanda ya gani,
sai ita, cikin minti biyu.

Da asuba hazo ya kwanta kan ruwa,
masunta sun hura wuta a tsibiri, ja kamar goro.
Na tarar tana gyara gado.
Na ce bari, akwai masu yi.
Ta ce hannu bai san hutu ba.
Ni ma zare na hango yana lilo a matashi,
haƙorana suka riga ni.

Saura kwana ɗaya.
Shayi na huci, kogi na tafiya abinsa,
ba mai jiran kujerar nan in mun tashi.
Cima, matso, bargon ya zame ta wajenki.